Waɗanda Ba a Tarar a Gida Ba: Giɓin Amsa da Hasashen Zirga-zirgar Jama'a

Kafin gwamnati ta shimfiɗa kwalta, ko ta gina tasha, ko ta sayo motocin haya, akwai tambayar da masana sufuri ke fara neman amsarta: mutum nawa ne za su bi wannan hanya, daga ina, zuwa ina, kuma a kan wane abin hawa? Amsar ita ke yanke faɗin hanya da kaurin kwaltarta, ita ke nuna ko kwalbati ya wadatar ko sai an yi gada. Ita ce kuma ke sa a fifita wani ƙauye a kan wani idan kuɗin da ke hannu bai isa kowa ba. To amma hanyar da ba a gina ba tukuna ba ta da motocin da za a tsaya a ƙirga. Don haka sai a koma ga jama'a, a bi su gida-gida da takardar tambayoyi, a nemi kowa ya faɗi inda ya je jiya da abin da ya hau. A nan ne matsalar da wannan darasi ya ƙunsa take ɓullowa, domin ba kowane gida ake tarar da mutanensa ba, kuma ba duk wanda aka tarar ne ke yarda ya yi magana ba.

Yankin Jega, Aliero da Maiyama a Jihar Kebbi wuri ne da ya dace a auna wannan batu a kansa. Babbar hanyar da ta taso daga Sakkwato ta bi ta Tambuwal da Aliero, ta shiga Jega, sannan ta gangara kudu ta Maiyama da Koko da Yawuri har Kontagora. A Jega ne kuma hanyar Birnin Kebbi ta rabu, wadda nauyinta ya ƙaru tun daga 1991 da aka ƙirƙiri jihar, Birnin Kebbi ya zama hedkwata. Jega tsohon garin kasuwa ne. Aliero ta shahara da albasa da masu ɗorin karaya, ga kuma jami'ar kimiyya da fasaha da aka kafa a can a 2006. Gumbin Kure kuwa gunduma ce a ƙaramar hukumar Maiyama, irin wuraren da mutanensu ke fitowa babbar hanya don kasuwa, asibiti, makaranta da neman kuɗi. Jega ba ta kai Kano ko Legas ba, amma lissafin da ake yi wa manyan birane shi ne dai ake yi mata.

Yadda ake hasashen zirga-zirga

Tsarin da ya fi yaɗuwa a duniya an ƙera shi ne a Amurka, a binciken sufuri na birnin Detroit da aka fara a 1953 da na Shikago da ya biyo baya a tsakiyar shekarun 1950. Ana fara raba gari zuwa shiyyoyi, sannan a bi matakai huɗu. Na farko shi ne a ƙiyasta yawan tafiye-tafiyen da kowace shiyya ke fitarwa da waɗanda take jawowa. Na biyu a raba tafiye-tafiyen tsakanin shiyyoyi, wato a ce kaza daga Gumbin Kure za su nufi Jega, kaza Maiyama. A nan an ari dabarar Isaac Newton ta jan juna tsakanin abubuwa: babban gari ya fi ja, nisa kuma yana rage ja. Alan Voorhees na cikin waɗanda suka fara amfani da ita ga zirga-zirgar birni a 1955. Mataki na uku shi ne raba matafiya bisa abin hawa, ko ƙafa, ko keke, ko kabu-kabu, ko mota. Na huɗu a ɗora su a kan hanyoyin da ake da su, a ga inda cunkoso zai taru.

Abin lura shi ne matakan a jere suke, kowanne na cin abin da na gabansa ya miƙo masa. Alƙaluman matakin farko kuwa daga bakin mutane suke fitowa. Idan an ɗebo su a karkace, kwamfuta za ta karɓa, ta ninka, ta raba, ta fitar da taswira mai launuka masu ban sha'awa, ba tare da ta san akwai waɗanda ba a ji ta bakinsu ba.

Su wane ne ba sa amsawa?

Masana ƙididdiga sun kasa rashin amsa gida biyu. Akwai inda gida gaba ɗaya ya kuɓuce, ko don ba a tarar da kowa ba, ko don mai gida ya ƙi. Akwai kuma inda aka amsa wasu tambayoyi aka tsallake wasu, kamar tambayar kuɗin shiga, wadda a ko'ina cikin duniya mutane ke ƙyamarta. A binciken tafiye-tafiye akwai nau'i na uku da ya fi waɗannan ɓoyuwa, wato tafiyar da aka yi amma ba a ambata ba. Wannan ba ya barin gurbi a takarda. Malamin ƙidaya zai koma ofis yana ganin ya cike komai.

A ƙasar Hausa kowane nau'i na da fuskarsa. Malamin da ya isa ƙauye da hantsi zai tarar da tsofaffi a gindin bishiya, da marasa lafiya, da wanda ba shi da aiki a ranar. Ɗan kabu-kabu ya fita tun asuba. Dillalin albasa yana Aliero. Direba na kan hanyar Kontagora. Da damina manoma na gona, da rani kuma 'yan cin rani sun tafi kudu ko manyan birane, al'adar da ta daɗe a tsohon Lardin Sakkwato har masanin labarin ƙasa Mansell Prothero ya wallafa nazari a kanta a 1959. Wannan shi ne abin da ya bambanta binciken zirga-zirga da sauran bincike: abin da ake son aunawa, wato tafiya, shi ne ainihin abin da ke hana a sami mutum. Wanda ya fi kowa tafiya shi ne ya fi wuyar samu.

Sai batun shiga gida. Namiji baƙo iyakarsa zaure, don haka mai gida ne zai amsa a madadin kowa. Zai faɗi tafiyarsa daidai gwargwado, amma da wuya ya lissafa unguwar da matansa suka je bayan magariba, ko zuwa awo asibiti, ko sau nawa aka aiki yaro injin niƙa. Enid Schildkrout, wadda ta yi nazari a birnin Kano a shekarun 1970, ta nuna yadda sana'ar matan kulle ta dogara ga yara masu talla da zuwa aike. Waɗannan yara su ne ke tsallaka titi sau da yawa a rana, su ne kuma mota ke kaɗewa. Idan ba su fito a takarda ba, mai zana hanya ba zai ga dalilin yin wurin tsallakawa ko gefen masu tafiya a ƙasa ba.

Kalmar "tafiya" kanta tana iya yin ɓarna. A Hausa idan an ce wane ya yi tafiya, ana nufin ya bar gari. Wanda ya je masallaci sau biyar, ya leƙa kasuwa, ya je gona ya dawo, idan aka tambaye shi ko ya yi tafiya jiya zai ce a'a, kuma gaskiya ya faɗa. A wurin masanin sufuri kuwa ya yi tafiya fiye da goma. Takardar da aka fassara kai tsaye daga Turanci za ta mayar da gari mai hada-hada ya zama na mazauna gida. Tambayar da ta fi dacewa ita ce a bi ranar daki-daki: bayan sallar asuba ina aka nufa, daga nan sai ina.

Akwai kuma tsoro mai tushe a tarihi. A zamanin mulkin mallaka ƙirga mutane da dabbobi share fagen haraji da jangali ne, kuma tunanin bai gushe ba ko da bayan an soke su. Ƙidayar ƙasa ma ta sha rigima: an soke ta 1962, an soke ta 1973. Wanda ya ga baƙo da biro yana tambayar babur nawa ne a gidan, yana da hujjar yin shiru. Wani lokaci kuma akasin haka ke faruwa, idan labari ya bazu cewa rabon tallafi ne, sai gida mai mutum takwas ya zama mai goma sha biyar.

Misali da alƙaluma

Alƙaluman da ke tafe na misali ne kawai don fito da lissafin. A ɗauka an zaɓi gidaje 500 a wata gunduma mai gidaje 3,000, ana son sanin sau nawa mutanen kowane gida ke zuwa Jega a mako. An sami amsa daga gidaje 300, matsakaicinsu tafiya 2. Gidaje 200 ba a same su ba. A ɗauka matsakaicin waɗannan tafiya 7 ne, tun da 'yan kasuwa da masu abin hawa sun yi yawa a cikinsu.

Jimillar gaskiya ita ce 300 sau 2, wato 600, a haɗa da 200 sau 7, wato 1,400. Ya zama 2,000. Idan an raba wa gidaje 500, kowane gida na da tafiya 4. Binciken ya ce 2, rabin gaskiya ke nan. Idan aka faɗaɗa ga gunduma duka, rahoto zai ce tafiya 6,000 a mako alhali 12,000 ce. Da mota mai ɗaukar mutum 15, an shirya wa lodi 400, buƙata kuwa 800 ce. Abin da ya fi muni, wata gundumar da aka ci sa'ar zuwa ranar da mutanenta ke gida za ta fito a gaba a jerin hanyoyin da za a yi wa kwalta.

Ƙa'idar a taƙaice ita ce: girman kuskure daidai yake da kason waɗanda ba su amsa ba, a ninka shi da bambancin da ke tsakaninsu da waɗanda suka amsa. A misalin nan kason shi ne 200 cikin 500, wato 0.4, bambancin kuma 5, sakamako 2. Abubuwa biyu ke fitowa daga wannan. Da a ce waɗanda ba a samu ba su ma tafiya 2 suke yi, da babu kuskure ko kaɗan, duk da an rasa kashi 40 cikin 100. Robert Groves da Emilia Peytcheva sun tattara bincike 59 a 2008, suka tarar cewa yawan rashin amsa shi kaɗai ba ya nuna girman karkata sosai. Abu na biyu ya fi ba ɗalibai mamaki: ƙara yawan gidaje ba magani ba ne. Idan aka zaɓi gidaje 2,500 aka bi su da hantsi kamar da, za a sake samun 2, sai dai a wannan karon da ƙarin tabbaci a kan amsar da ba daidai ba.

Tarihi ya ajiye shaida a kan haka. A zaɓen shugaban Amurka na 1936, mujallar Literary Digest ta aika da takardu kusan miliyan 10, aka dawo mata da kimanin miliyan 2.4. Ta yi hasashen Alf Landon zai sami kashi 57 cikin 100. Franklin Roosevelt ne ya lashe da kusan kashi 61. George Gallup, da samfur ɗan ƙarami ƙwarai idan aka kwatanta, ya faɗi wanda zai ci daidai. An daɗe ana ɗora laifin a kan cewa mujallar ta ɗebo sunaye daga jerin masu tarho da masu mota. A 1988 Peverill Squire ya nuna cewa rashin amsa ya taka babbar rawa, domin masu adawa da Roosevelt sun fi zumuɗin mayar da takardarsu.

Hanyoyin gyara da iyakarsu

Gyaran da ya fi sauƙi ana yin sa ne a ofis, wato daidaita nauyi. A koma ga misalin. A ce jerin da dagaci da masu unguwanni suka bayar ya nuna rabin gidajen 500 na da babur. Cikin 300 da suka amsa, 100 ne kawai masu babur, matsakaicinsu tafiya 4, sauran 200 matsakaicinsu 1. Sai a ba kowane gida mai babur nauyin 2.5 don ɗari su wakilci 250, a ba marasa babur nauyin 1.25. Sabon matsakaici ya zama 250 sau 4 da 250 sau 1, a raba da 500, wato 2.5. An matsa daga 2 zuwa 2.5, amma gaskiya 4 ce. Dalili kuwa shi ne mai babur da aka tarar a gida da hantsi ba irin mai babur da ba a tarar ba ne. Na farko malamin makaranta ne ko manomi. Na biyu ɗan kabu-kabu ne, wanda a wannan misali matsakaicinsa ya kai 9. Daidaita nauyi na aiki ne kawai idan waɗanda suka amsa a cikin rukuni sun yi kama da waɗanda ba su amsa ba a rukunin. Donald Rubin ya tsara waɗannan sharuɗɗa a 1976, kuma James Heckman ya fito da hanyar lissafi a ƙarshen shekarun 1970 don magance samfur da ya zaɓi kansa. Dukansu na buƙatar zato game da mutanen da ba a gani ba. Wata matsala a Nijeriya ita ce ma'aunin da za a daidaita da shi ya tsufa, domin ƙidayar 2006, wadda ta ba Jihar Kebbi mutum kimanin miliyan 3.2, ta yi nisa.

Gyaran da ya fi inganci a fili ake yin sa, kuma tsoho ne. A 1946 Morris Hansen da William Hurwitz suka ba da shawarar a ɗebi wani kaso daga waɗanda ba su amsa ba, a bi su da gaske. Cikin gidaje 200, a zaɓi 50 ta hanyar ƙuri'a, a koma musu bayan isha'i, ko a bi mai gidan tasha, ko a jira shi ranar da ba kasuwa. Kowane ɗaya na wakiltar gida 4. Idan matsakaicinsu ya fito kusa da 7, lissafi ya dawo kan 4. Sharaɗin shi ne zaɓen ya kasance na ƙuri'a. Idan aka bar wa malamin ƙidaya ya zaɓi hamsin da suka fi sauƙin samu, ko aka yarda ya maye gidan da ba kowa da na maƙwabci, an sake dawo da cutar ta bayan gida. Wannan mayewa ita ce kuskuren da ya fi yawa, domin tana sa takardu su cika ɗari bisa ɗari, shugaban bincike ya yi murna.

Yana da amfani a riƙa rubuta ziyara ta nawa aka sami kowane gida. Idan waɗanda aka samu a zuwan farko na da tafiya 2, na zuwa na biyu 4, na uku 6, to alƙiblar waɗanda ba a samu ba ta bayyana. Sai dai alƙiblar ba ɗaya ba ce a ko'ina. A Jamus, inda ake aika takarda ta gidan waya, Werner Brög da Arnim Meyburg sun lura a farkon shekarun 1980 cewa masu jinkirin amsawa sun fi ba da rahoton tafiya kaɗan. Wanda bai fita ba yakan ga binciken bai shafe shi ba. Ke nan binciken wasiƙa na iya kumbura zirga-zirga, na ƙwanƙwasa ƙofa kuma ya rage ta. Ba a aro ma'aunin gyara daga wata ƙasa a ɗora wa Maiyama.

Sauran matakan sanannu ne ga duk wanda ya yi aikin karkara: a fara da fadar hakimi da dagaci, a sanar a masallaci, a ɗauki mata masu ɗaukar bayani da za su shiga cikin gida, a yi binciken sau biyu, damina da rani, kuma a haɗa da ranar kasuwar Jega da ranar da ba kasuwa. Bayan haka sai a tsaya a bakin hanya a ƙirga abin da ke wucewa, har da jakuna da amalanke da masu tafiya a ƙasa. Idan lissafin gida-gida ya ce 6,000, ƙirgar bakin hanya ta nuna ninki biyu, to an san akwai giɓi.

Me ake samu idan an yi aikin da kyau?

Kafin jirgin ƙasan BART na yankin San Francisco ya kammala fara aiki a shekarun 1970, hasashen hukuma ya ce kimanin kashi 15 cikin 100 na masu zuwa aiki za su hau shi. Daniel McFadden, da samfur na mutane 'yan ɗaruruwa da aka yi wa tambayoyi a tsanake, ya ce kashi 6.3. Da aka auna daga baya, 6.2 aka samu. Shi da Heckman ne suka raba kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2000. A ɗaya gefen, Bent Flyvbjerg da abokan aikinsa sun duba ayyukan sufuri 210 a ƙasashe 14, suka wallafa a 2005 cewa hasashen fasinjojin jiragen ƙasa ya zarce gaskiya da kashi 106 cikin 100 a matsakaici, rabin ayyukan tituna kuma sun kauce da fiye da kashi 20. Ba rashin amsa ne kaɗai ya jawo wannan ba, son a amince da aiki ma na ciki. Haka nan akwai abin da babu takardar tambayoyin da za ta hango: hana acaɓa ɗaukar fasinja a Kano a 2013 ya juya mataki na uku gaba ɗaya, cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuma ya taɓa duka huɗun.

Wasu na ganin wayar salula ta kawo ƙarshen wannan wahala. Gaskiya ne na'urar GPS ta tona asirin tafiye-tafiyen da ba a ambata, tun gwajin da aka yi a Lexington ta Amurka a 1996, kuma bayanan turakun sadarwa na nuna motsin dubban mutane ba tare da an tambayi kowa ba. Amma buga waya na da nasa giɓin. Cibiyar Pew ta Amurka ta ce masu amsa bincikenta ta tarho sun ragu daga kashi 36 cikin 100 a 1997 zuwa kashi 6 a 2018. A karkarar Kebbi waya ɗaya na iya zama ta gida duka, tana aljihun mai gida, wani kuma na da layi uku. Turakun za su ƙirga dillalin albasa sau uku, ba za su ga yarinya mai tallar fura ba ko sau ɗaya.

Akwai kuma tafiyar da ƙirgar bakin hanya da turakun waya duka ba sa gani, wato wadda aka so yi ba a yi ba. Mai naƙuda da ta haihu a gida don ruwa ya cinye hanya, da buhun shinkafar da aka sayar da araha a ƙauye don kuɗin mota zuwa Jega ya fi ribar, ba su bar sawu a kan titi ba. Hanya mara kyau takan nuna zirga-zirga kaɗan, a kuma kafa hujja da ƙarancin a ce ba ta cancanci gyara ba. Irin wannan buƙata sai an tambaya ake jin ta, da tambaya ta musamman a takarda: a makon jiya, akwai inda aka so zuwa aka fasa, kuma me ya hana? Masu amsa mafi yawa ga wannan tambaya suna ƙauyukan da ke nesa da kwalta, waɗanda motar masu bincike ba ta iya kaiwa a watan Agusta.